Tsagar Hurera

Hoton ƙirjin wani jariri ya faɗo a kan babban allon da ke ɗakin gwaji na Hukumar Tsaga. Na'ura ta bi shi ɗigo bayan ɗigo, tana laluben abin da idon mutum ba ya iya gani. Kafin ƙiftawar ido gefensa ya yi kore shar, ya wuce. Na ƙashin cinyar wata tsohuwa ya biyo baya, shi ma ya yi kore. Haka suke ta kwararowa daga asibitocin Birnin Rima da na ƙauyukan bakin kogi, hoton huhu, na hanta, na cikin mai juna biyu. Can sai wani ya tsaya cak, gefensa ya rine ja, na'urar ta zana ɗan da'ira a ƙasan haƙarƙari, daidai inda wani ya ƙara tabon da babu shi a jikin mai hoton.

Injiniya Hurera Tukur ta kurɓi shayinta ta yi murmushi. Ba ta gajiya da kallon wannan aiki, don nata ne.

A zamanin da take ɗaliba, hoton asibiti ya zama abin da ba a yarda da shi. Kwamfuta ta ƙware har tana iya dasa ƙari a huhun mai lafiya, ko ta share karaya daga ƙashin wanda ya karye, likita ya duba ya sake dubawa bai gane ba. Ga kuma kamfanoni da ke kwashe hotunan marasa lafiya su koyar da injinansu, ba izinin asibiti, ba sanin masu jikin. Hurera ta shafe ƙuruciyarta a kan wannan matsala, har ta fito da hanyar saƙa wata ɓoyayyiyar alama a cikin ɗigogin hoto tun yana cikin maleƙa, wato na'urar da ke leƙa cikin jikin mutum ta ɗauki hotonsa. Alamar hawa biyu ce. Ta sama taushi gare ta kamar yanar gizo-gizo, ko ɗigo ɗaya aka taɓa sai ta yage, hoton ya yi ja. Ta ƙasa kuwa tauri gare ta. A yanke hoton, a matse shi, a kwafe shi sau nawa, tana nan tana faɗin sunan asibitin da ya mallake shi.

Ba ita ta raɗa mata suna ba. Ranar da ta yi wa kakarta bayani, tsohuwar ta shafa kumatunta ta ce, "Ashe tsaga kika yi wa hoton, a san ɗan gidan wane ne." Sunan ya bi gari.

Daga baya majalisar birni ta yi doka. Duk wani Hannun Nesa, injin tiyatar da likita ke sarrafawa daga birni yana yi wa majinyaci aiki a ƙauye, ba zai motsa ba sai an ba shi hoto mai cikakkiyar tsaga. A lokacin wasu sun nemi a ajiye mabuɗi ɗaya saboda ranar gaggawa. Hurera ta tsaya a gaban majalisa ta ƙi. Ta ce duk mabuɗin da aka ajiye, wata rana sai ya shiga hannun da bai dace ba. Ta ce ita kanta ba ta bar wa kanta kafa ba, kuma da hakan take alfahari. Aka yi mata tafi.

Safiyar nan ruwa ake yi tun asuba, da iska mai kaɗa gilasan dogon ginin. Ta taga ana hango kogi ya cika ya batse, jiragen ƙasan da ke bin gadojin sama suna rarrafe a hankali. Hurera ta ajiye kofi ke nan sai bangon da ke gefenta ya haskaka, fuskar Dakta Gwadabe ta bayyana. Dattijo ne mai furfura a gemu, babban likitan tiyatar ƙwaƙwalwa na birnin, kuma tsohon abokin mahaifinta.

"Baba, ina kwana? Lafiya da sassafe haka?"

"Ba lafiya ba, 'yata. Dubi wannan."

Hoton kan mutum ya cika allo, gefensa ja zur. Ko ita da ba likita ba ta ga wani farin abu ya taru a sama ta dama, ya tura ƙwaƙwalwa gefe.

"Sunansa Nomau," in ji Dakta Gwadabe. "Matuƙin jirgin ruwa ne a Tungar Kaiwa. Tun da ruwa ya shiga gari yake kwaso mutane daga rufin gidaje. Iska ta maka jirginsa da ginshiƙin gada, kansa ya bugu. Jini ne ke taruwa a ciki. Likitar da ke can, Dakta Asabe, ta ɗauki hoton, maleƙa tana cikin kammalawa tsawa ta faɗa wa asibitin. Maleƙar ta ƙone. Hoton ya fita, amma ƙasansa ya dagule, wajen wuya. Ga ni zaune a kujerar aiki, hannuna a cikin safar injin, Hannun Nesa ya ƙi tashi."

"A sake ɗauka mana."

"Da me? Maleƙa ɗaya ce a garin."

"A ɗauko shi."

"Hanya ta nutse. Jiragen ɗaukar marasa lafiya ba sa tashi a wannan iska, na tambaya. Asabe kuwa yarinya ce mai ƙoƙari, amma ba ta taɓa buɗe kai da hannunta ba, kuma ba ta da kayan yin hakan. Wa ke ajiye su yanzu? In ba a fitar da jinin nan ba, mutumin nan ba zai kai azahar ba."

Hurera ta jawo hoton gabanta ta buɗe tsagarsa. Abin a bayyane yake. Tsaga mai taushi ta yage a wajen wuya kawai. Daga haɓa zuwa sama kowane ɗigo yana inda maleƙa ta ajiye shi. Amma ƙa'idar ba ta san rabi ba. Ko duka ko babu. Ita ta rubuta hakan da hannunta, don kada maƙaryaci ya lalata gefe guda da gangan ya fake da cewa hatsari ne.

"Hoton gaskiya ne, Baba," ta ce.

"Na sani. Injinki za ki faɗa wa."

Ta kira Alhaji Mamuda, shugaban hukumar, wanda ruwa ya tsare a gida. Ya saurare ta har ƙarshe yana murza carbi.

"Injiniya, me kike so in yi? Mabuɗi babu, ke kika hana a ƙera shi. Sauya ƙa'ida kuwa sai majalisa ta zauna, sannan a aika wa injina sabon umarni. Ko yau suka zauna, ba yau za a gama ba."

"Ranka ya daɗe, mutum ne zai mutu."

"Allah ya kiyaye. Ki yi duk abin da za ki iya, ina bayanki. Abu ɗaya kawai, kada ki taɓa tsaga. Da ita mutanen garin nan suke kwantawa a ƙarƙashin wuƙa hankalinsu kwance."

Da ta koma kan layin Dakta Gwadabe, an haɗa su da ƙaramin asibitin Tungar Kaiwa. Ɗaki ne mai hasken batir. Dakta Asabe na tsaye a kan majinyacin, dogon mutum baƙi wanda aka aske wa rabin kai, Hannun Nesa a sama da shi ya naɗe yatsunsa kamar mataccen gizo. Sai wata mata ta kutso gaban kyamara, zanenta a jiƙe sharkaf, ma'aikaciyar jinya tana jan hannunta.

"Ku sake ni. Wace ce mai injin? Ke ce?"

"Ni ce, Inna."

"Sunana Kulu, ni ce matarsa. Baiwar Allah, sun ce injinki ya ce hoton ƙarya ne. Na ga hoton da idona. Kan Nomau ne. Ga haƙorin Makkansa nan yana ƙyalli a ciki, a gabana aka sa masa shi. Ni na shaida shi, likita ta shaida shi, dattijon can ma ya shaida shi. To wa ya rage? Wa injin yake jira ya zo ya rantse masa?"

Ba kuka take yi ba. Tambaya take yi, tana jiran amsa.

Hurera ta juya don ta kauce wa idon matar, sai idonta ya faɗa kan maleƙar gwaji da ke ƙuryar ɗaki. Cikakkiyar maleƙa ce mai rajista, da ita suke auna sababbin gyare-gyare a kan kan roba da ƙashin roba. Ita ma tana buga tsaga ta gaskiya kamar kowace.

Wa injin yake jira ya rantse masa? Maleƙa yake jira. Ita kuwa maleƙa a kan me take rantsuwa? A kan abin da idonta ya aiko mata ta waya. Tsakanin idon da ke karɓar haske da sashen da ke buga tsaga akwai waya guda, kauri kamar ɗan yatsa. Sashen bai taɓa ganin majinyaci ba. Abin da ya shigo ta wayar nan, shi yake ɗauka gaskiya.

Wani tunani ya faɗo mata: in ita ta gano wannan kafa, wani ma zai iya ganowa. Ta ture shi gefe, don ba lokacinsa ba ne.

"Baba, kana buƙatar wuyan a aikinka?"

"Ko kaɗan. Daga kunne zuwa sama ya ishe ni."

"To ka mayar da hannunka cikin safa. Dakta Asabe, ki shirya shi. Inna Kulu, ki koma waje ki yi masa addu'a, yanzu injin zai tashi."

Ta cire mayafinta ta ɗaure a ƙugu, ta ɗauko sukundireba. Murfin maleƙar ya fita ba gardama. Ta zare wayar daga idon, ta jona ta da kwamfutarta. Ta yanke ɓangaren wuyan da ya dagule, ta mayar da sauran hoton zuwa irin saƙon da ido ke aikawa, ba ta ƙara ɗigo ba, ba ta rage ba. Ta san cikin na'urar nan kamar ɗakin kwananta. Ta danna maɓalli.

Maleƙar ta yi gurnaninta na kullum, ba kowa a kan gadonta. Hoton kan Nomau ya fito a allo sabo fil. Na'urar tantancewa ta bi shi ɗigo bayan ɗigo, gefensa ya yi kore.

A Tungar Kaiwa, Hannun Nesa ya miƙe yatsunsa.

"Allahu Akbar," in ji Dakta Asabe.

Dakta Gwadabe bai tambayi komai ba. Ya yi bisimilla ya sunkuya. Hurera ta zauna a ƙasa kusa da maleƙar da ta farke, tana kallon yadda yatsun dattijon ke motsi a birni, yatsun ƙarfe suna bin su a ƙauye. Ya huda ƙashi, jini baƙi ya fito, ya nemo jijiyar da ta fashe ya ƙone bakinta. Lokacin da ladanin masallacin da ke ƙasan ginin ya kira azahar, yana ɗinki.

Bayan la'asar Nomau ya buɗe ido. Dakta Asabe ta ce abin da ya fara tambaya shi ne ko an ɗaure jirginsa da kyau. Kulu ta sake zuwa gaban kyamara, wannan karon tana kuka da dariya a haɗe, ta yi ta sa wa Hurera albarka har layin ya katse.

Ruwa na tsagaitawa Alhaji Mamuda ya iso, bakin babbar rigarsa a jiƙe. Ba sai an gaya masa ba. Tsaga mai tauri ta riga ta yi aikinta. A rumbun hotuna na birni an rubuta cewa hoton kan wani matuƙin jirgi na Tungar Kaiwa mallakin ɗakin gwaji ne na Hukumar Tsaga, kuma a nan aka ɗauke shi, alhali mutumin bai taɓa taka ginin ba. Alhaji ya tsaya yana kallon murfin da ke ƙasa da wayar da ke lilo.

"Na ce kada ki taɓa tsaga."

"Ban taɓa ta ba, ranka ya daɗe. Abin da ya fi damuna ke nan. Tana nan lafiya lau, ba wanda ya karya ta. Zagaye ta na yi, da sukundireba da waya."

Ya nemi kujera ya zauna. "An ceci rai, alhamdu lillahi. Ba zan ce kin yi laifi ba. Yanzu wa ya sani?"

"Ni da kai. Baba Gwadabe ma ya gane, ko da bai faɗa ba."

"To a bar shi a nan. Za ki iya toshe kafar?"

"Zan iya. Sai a mayar da sashen tsaga cikin idon kansa, a narke su wuri guda, babu waya a tsakani. A ƙara wa ƙa'ida hankali, ta riƙa nuna inda hoto ya lalace, likita ya yanke hukunci. Kafin kaka zan gama."

"Madalla. A yi shi a matsayin gyaran da aka saba, ba sai an tayar da hankalin jama'a ba."

Hurera ta ɗaga wayar tana juya ta a hannu. "Ranka ya daɗe, ni da nake tsaron abin nan, wata mata ta yi mini tambaya ɗaya, dabarar ta zo mini a safiya guda. Wanda yake kwana yana tashi da neman hanyar cuta fa? Shekara da shekaru maleƙun nan suna hannun mutane. Kowace tana da wannan wayar."

Alhaji Mamuda ya daina murza carbi. "Kina nufin wani ya riga ki?"

"Ban sani ba. Amma zan iya sani."

Ta yi masa bayani. Idon maleƙa ba ya ɗaukar hoto sumul. Zafin ƙarfe da rawar lantarki suna barin wasu ƙananan ɗigogi a ko'ina, waɗanda injiniyoyi ke kira yashi. Likita ba ya ganinsu, kuma kowace maleƙa da irin nata yashin. Hoton Nomau yana ɗauke da tsagar ɗakin gwaji, amma yashinsa na Tungar Kaiwa ne. Hoton da kwamfuta ta ƙaga kuwa, wanda bai taɓa ratsa ido ba, ba shi da yashi ko kaɗan. Ba wanda ya taɓa damuwa da duba wannan, tunda ga tsaga.

"In na sa na'ura ta tace rumbun gaba ɗaya, duk hoton da ke da tsaga ba shi da yashi zai fito."

Alhaji mutum ne mai son zaman lafiya, amma ba maƙaryaci ba ne. "Tace," ya ce. "Allah ya sa kada ki sami komai."

Washegari da hantsi na'urar ta gama. Hurera ta shigo da addu'ar Alhaji a bakinta, ta tarar allon cike. Ɗaruruwa ne. Ta buɗe na farko, hoton ƙoda ne da ƙari a jikinta, gefensa kore, cikinsa sumul kamar an goge tangaran. Na biyu ƙoda. Na uku ƙoda. Ta yi ta buɗewa har yatsanta ya gaji. Duka ƙoda, duka na matasa da masu matsakaicin shekaru, duka an rubuta an yi tiyata an cire. Tsaga mai tauri kuwa, da ba ta iya ɓoye gidansu, suna ɗaya take ta maimaitawa, na wani asibiti mai zaman kansa da ke gabashin birni, wanda ya yi suna wajen dashen ƙoda ga manyan mutane daga ƙasashe.

Ta kira Alhaji Mamuda da Dakta Gwadabe. Dattijon likitan ya zura wa hotunan ido, ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Da a ce an kawo mini wannan ina saurayi," ya ce a hankali, "da na ce a kawo mini mutumin in taɓa cikinsa, in tambaye shi yadda yake fitsari. Rabon da in yi hakan na manta. Muna ganin kore sai mu wuce."

Wannan karon Alhaji bai yi maganar rufi ba. Shi da kansa ya ɗauki bayanan ya kai wa masu bincike, kafin la'asar an rufe asibitin, an tafi da masu shi da maleƙarsu, wadda aka tarar murfinta ya sha buɗewa har kusoshin sun lashe. Dakta Gwadabe ya shiga kiran tsofaffin abokansa da suka yi ritaya, masu iya karanta hoto da ido, don a sake duba duk wanda aka yi wa aiki a can. Hukumar ta shirya ma'aikatan da za su bi gida gida su sanar da mutane kafin labari ya fita a kafafen yaɗa labarai.

Hurera ta ce za ta bi su.

"Ba aikinki ba ne, 'yata," in ji Dakta Gwadabe. "Ba ke kika yanka kowa ba. Ke kika kama su ma. Je ki yi gyaranki."

"Gyaran zan yi, Baba, kuma zai yi kyau. Amma ina so in ga ko mutum ɗaya daga cikinsu. Ban taɓa ganin kowa ba sai hotonsa."

Aka tura ta gidan wata malamar firamare mai suna Dije, a unguwar masaƙa ta bayan tashar jirgin ƙasa. Motar haya marar direba ta sauke ta a bakin lungu, ta ƙarasa da ƙafa tana tsallake kwatamin da ruwa ya cika. Gidan ƙarami ne mai tsafta, da faifan hasken rana a rufi da bishiyar lemo a tsakar gida. Ta yi sallama. Wata mata siririya mai fara'a ta fito tana goge hannu da gefen zane, ta amsa, sannan ta tsaya ta ƙura mata ido.

"La ilaha illallahu. Ba ke ce Injiniya Hurera ba? Mai tsaga?"

"Ni ce, Malama."

"A gidana? Shigo, shigo, don Allah. Kai, yau ina da babbar baƙuwa."

Ta shimfiɗa mata darduma a inuwar lemo, ta zauna a bakin tabarma tana ta maimaita sannu da zuwa. Hurera ta shirya kalmominta tun a mota, amma matar ba ta ba ta fili ba.

"Ba ki san ni ba, amma ni kullum kina cikin addu'ata. Shekarun baya na je asibiti da ɗan ciwon baya, ashe daji ne a ƙodata ta hagu. Ni ban ji komai ba, wallahi, ina zuwa makaranta ina dawowa. Yayana ya ce kada in yarda, in je wani wuri a sake dubawa, wai jikina bai yi kama da na mai daji ba. Har faɗa muka yi. Na ce masa, Yaya, zamanin ƙaryar hoto ya wuce. Likitan ya juyo mini da allo na gani da idona, gefensa kore shar. Na ce tunda ya yi kore magana ta ƙare. Da na bi ta Yaya ina yawon asibitoci, da yanzu wani labarin ake yi."

Ta ɗaga murya ta kira ciki. "Hurera! Kawo wa baƙuwa ruwa, ki zo ki gaida takwararki."

Wata ƙaramar yarinya mai kitso biyu ta fito riƙe da kofi da hannu bibbiyu, tana takawa a hankali kada ya zube. Ta durƙusa ta miƙa.

"Bayan aikin na haife ta," in ji Malama Dije. "Da wahala, don ƙoda ɗaya ba ta son ciki, likitoci suka ce kada in ƙara. Babanta ya ce in zaɓi suna, na ce ai sunan a shirye yake."

Hurera ta karɓi kofin. Ta shafa kan yarinyar, ta ce Allah ya yi mata albarka, ta roƙi uwar ta tura ta ciki. Da yarinyar ta shige, ta ajiye kofin a ƙasa ba ta sha ba.

"Malama, magana ce ta kawo ni. Game da hoton nan ne."

Fara'ar matar ta ɗauke. Hannunta ya tafi gefen cikinta na hagu, ya dafe wurin ɗinkin.

"Inna lillahi. Ya dawo ne? Faɗa mini gaskiya, Injiniya, ni mai tawakkali ce. Ciwon ya dawo?"

Hurera ta matso, ta kama ɗaya hannun nata ta riƙe.

"Bai dawo ba, Malama," ta ce. "Bai taɓa zuwa ba."